Ranar da Na Sa wa Kwamfutar Baba Anko

Ba zan taɓa mantawa da ranar sanfot ɗin ƙanwata Rifkatu ba, wato taron sallamarta zuwa gidan miji, kuma ko na so in manta, matan zumuntar cocinmu ba za su bar ni ba. Har yau in na haɗu da ɗayarsu a kasuwar Kakuri, kafin ta amsa gaisuwata sai ta ɗaga hannu ta yi min alamar fifita, ta tambaye ni ya jikin tsohuwa. Ba mahaifiyata take nufi ba. Kwamfuta take nufi.

A gidanmu ni ne Injiniya. Ban karanta injiniyanci ba, kwas na 'yan watanni na yi a wani shagon koyon kwamfuta bayan na gama sakandare, aka ba ni satifiket mai zanen ruwan zinariya a gefe, Baba ya sa aka yi masa firam. Daga ranar duk abin da yake da waya a jikinsa ya dawo hannuna, daga rediyo har dutsen guga. (Na taɓa kwance dutsen gugar Mama na mayar, noti biyu suka rage a hannuna, kuma ya ci gaba da aiki. Wannan ya ƙara min suna a layinmu.)

Kwamfutar kuwa Baba ne ya saye ta, ta hannu, bayan masaƙar da ya yi wa aiki ta rufe. Niyyarsa mu buɗe wurin buga takardu a ƙofar gida. Kasuwancin bai je ko'ina ba, amma kwamfutar ta zauna a falonmu ta zama 'yar gida. Irin ta dā ce, akwatinta daban, allonta daban mai ƙatuwar ƙeya. Dā fara ce, shekaru suka mayar da ita launin haƙorin mai cin goro. Da haka muka fara kiranta tsohuwa.

Lokacin da ciwo ya kwantar da Baba, Rifkatu tana makarantar kwana. Ita ce auta, kuma kowa ya san ita ce 'yar lelensa, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Wata rana da tsakar rana ya kira ni ya ce in maƙala 'yar kyamarar kwamfutar a kan allo, yana da magana. Ya yi maganarsa, na ɗauka a bidiyo, na ajiye a cikin kwamfutar. Da muka gama ya ce min, "Ranar da za a sallami auta zuwa gidan miji, in ina nan zan faɗa da bakina. In ba na nan, ka kunna mata. Kafin ranar kada ta gani." Baba bai kai ranar ba.

Na san abin da za ku ce: me ya hana ni kwafe bidiyon in ajiye a wani wuri? Na yi niyya, Allah ya sani. Kullum gobe, kullum gobe, har wata rana aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙone duk ramukan da ake soka filash. Hanyar da ta rage ita ce in cire faifan ajiyar kwamfutar, wanda masu gyara ke kira hadi dis, in kai shi ƙetaren kogi, can cikin gari, a jona shi da wata kwamfuta a kwashe abin da ke ciki. Amma ni da ake kira Injiniya in ɗauki kaya in kai wa masu gyara? Na ce sai an kwana biyu. Da aka sa ranar auren Rifkatu kuma sai tsoro ya kama ni, na ce kada in taɓa faifan nan ya mutu a hannuna ana saura kwanaki biki. Saboda haka muryar Baba da fuskarsa da albarkar da ya bar wa autarsa, duk suna wuri ɗaya tak a duniya, a cikin wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu da ke juyawa a cikin tsohuwa.

Shi kuma faifan nan ba ya shiri da zafi ko kaɗan. 'Yar fankar da ke hura masa iska daga gaba ta daɗe da mutuwa. In kwamfutar ta jima a kunne, musamman da bazara, sai ka ji faifan ya fara ƙas, ƙas, ƙas, komai ya tsaya cak. In ka buɗe ka ɗora masa yatsa, da kanka za ka janye. A nan dai, ba yabon kai ba, na san aikina. Na cire murfin gefe na jingine a bayan kujera. Na janye ta daga jikin bango, na ɗauke ta daga kan kafet na ɗora a kan benci. Duk ƙarshen wata nakan fitar da ita tsakar gida in hure ƙurar da famfon keke, in bi lungu-lungu da burushin fenti. Na sayo 'yar fanka mai caji na kafa ta daidai saitin faifan, kuma na kafa doka: ba a kunna tsohuwa sai an kunna fankarta, in an gama a kashe ta ta huta. Da wannan ta yi shekaru tana lallaɓawa.

Matsalata ɗaya a gidan ita ce Mama. Mama matar ma'aikacin masaƙa ce, ta yi zamanin da yadi ba ya yankewa a gida, kuma a wurinta duk abin da ke da daraja dole a rufe shi. Talabijin yana da mayafinsa, firji yana da nasa, keken ɗinki yana da riga har da aljihu. Ganin kwamfutar mijinta a tsirara, hanjinta a waje, ya dame ta ƙwarai. Wata rana na dawo daga aiki na tarar ta ɗinka wa tsohuwa riga da atamfa mai kyau, cif-cif da jikinta, har da leshi a baki. Kuma kwamfutar tana kunne a ciki, ta manta an bar ta tana waƙoƙin coci.

Ranar na yi wa Mama lacca. Na tsaya a tsakiyar falo, hannu ɗaya a ƙugu, na ce, "Mama, kwamfuta tana numfashi. In kin rufe ta, kin shaƙe ta ke nan. Zafi ne ke kashe faifai, ba ƙura ba, ba idon mutane ba. Wanda duk ya lulluɓe kwamfuta tana aiki, bai san abin da yake yi ba." Na maimaita wannan jimlar ta ƙarshe, don ta yi min daɗi a baki. Mama ta tuɓe tsohuwa. Ta ninke rigar a hankali ta sa a akwatinta, ta ce, "To, Injiniya, mun ji." Ku riƙe wannan laccar, za mu dawo kanta.

Ga wanda bai saba da al'adarmu ba, sanfot shi ne taron da dangin amarya da cocinsu ke yi mata kafin ɗaurin aure. A yi mata addu'a da nasiha, a ba ta kyaututtuka, a sallame ta. Dangin ango sukan zo, amma a matsayin baƙi. Namu an yi shi a zauren wani coci a Romi, cikin watan da zafi ya fi tsanani, ƙarƙashin rufin kwano. Ango ɗan Filato ne, yaron kirki, kuma danginsa sun cika mota sun zo. Duk wanda ya shigo ana miƙa masa maficin roba mai hoton amarya da ango, kyautar biki.

Da sassafe na ɗauko tsohuwa a keke napep, na rungume akwatin a cinyata tun daga Kakuri, duk ramin da muka faɗa sai na ce wa direba ya ji tsoron Allah. Na kafa ta a kan wani ɗan tebur kusa da teburin manyan baƙi, gefe a buɗe, fanka tana hurawa. Na jona ta da majigin da muka aro. Wayar da za ta kai sauti ga manyan sifikun zauren ba ta shiga ba, sai na yi dabarar da kowa ke yi: na ajiye 'yar sifikar kwamfutar a ƙasa, na kwantar da makirfo a gabanta. Na gwada, komai lafiya. Na saki hotunan Rifkatu tun tana jaririya suna wucewa a bango, na tsaya gefe cikin sabon kaftanina ina jin kaina.

Sai ga ƙanwar ango. Sunanta Nanret, an ce min a Abuja take aikin kwamfuta, kuma (tunda na ce zan faɗi gaskiya) tun ranar gabatarwa, da danginmu da nasu suka fara haɗuwa, nake neman dalilin da zai sa ta san ni ma ɗan hannu ne. Ta zo wucewa da wata siririyar laftof a hammata, ta tsaya, ta sunkuya ta leƙa cikin tsohuwa. Ta ga wayoyi, ta ga fankar caji da na ɗaure da robar tayar keke. Ta yi murmushi ta ce, "Kai, ashe har yanzu ana samun irin wannan? Rabona da ganinta tun ina firamare."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Yanzu da nake tunawa, ina ganin ma sha'awa abin ya ba ta. Amma ni a lokacin ji na yi kamar an kwance min wando a kasuwa. Na dubi tsohuwa da idon baƙo, na ga tsatsa, na ga launin goro, na ga robar taya. Na dubi teburin manya da aka yi wa ado, ga kek mai hawa-hawa a gefe. Na ce a raina, yanzu surukai za su zauna a nan, wannan abin kunyar yana kallonsu?

Ban tsaya dogon tunani ba. Na ɗauko murfin gefe na mayar, na ɗaure noti tam, na ba wani mai komawa Kakuri jakar kayan aikina har da sukundireba ya wuce da ita gida, don kada ta ɓata wurin. Fankar caji na tura ta cikin kwalin lemo. Na sauke akwatin ƙasa na tura shi ƙarƙashin tebur, jikin bango. Sannan na je wurin Anti Kande, ƙanwar Mama, wadda ke kula da adon zauren.

"Anti, akwai ragowar yadi?"

"Na me?"

"Teburin can nake so a rufe min har ƙasa. Kada a ga komai."

Anti Kande ba a roƙonta ado sau biyu. Ta zuba wa teburin yadi mai santsi har yana jan ƙasa. Da ta leƙa ta ga akwatin a ƙarƙashi sai ta ce, "Ayya, ita ma ai 'yar gida ce, a bar ta ba anko?" Ta ɗauko ragowar atamfar ankon biki ta naɗe tsohuwa tsaf, gaba da baya, ta ɗaura mata ribin a ka. Ina tsaye ina kallo. Ni, mai lacca. Har na ce mata, "Anti, ja nan gefen, ana hango ramukan nan." Ramukan da iska ke shiga nake nufi.

Wata murya a cikina ta ce min, kai, zafi fa. Na ba ta amsa cewa taron ba zai daɗe ba. Ban san wanda na yaudara ba, don duk wanda ya taɓa zuwa sanfot ya san ba a fara shi a kan lokaci, kuma ba a gama shi sai kowace inna ta yi nasiha. Mama ta shigo da ayarinta, ta dubi teburin, ta ɗaga gefen yadin da yatsa ɗaya, ta ga tsohuwa cikin anko da ribin. Ta dube ni. Ta saki yadin ta wuce wurin zamanta.

Aka yi addu'ar buɗewa. Matan zumunta suka yi waƙa, matasa suka yi tasu, aka yi rawa aka yi liƙi. Inna ta farko ta yi nasiha a kan haƙuri, ta biyu ta yi a kan haƙuri, ta uku ta ce ba za ta maimaita abin da aka faɗa ba, sannan ta yi a kan haƙuri. Rana ta take a kan kwano, fankokin sama suna juya iska mai zafi, kowa yana fifita da fuskar amarya da ango. Duk wannan lokacin tsohuwa tana ƙarƙashin tebur cikin ankonta tana nuna hotuna, ba hutu.

Can Fasto ya karɓi makirfo ya ce a natsu. Ya ce marigayi mahaifin amarya ya bar mata saƙo, kuma yau ne ranar da ya ce a isar. Rifkatu ta san akwai bidiyon, shekaru tana roƙona ko leƙe ta yi ina hana ta. Aka kawo ta gaba aka tsayar, ango a gefenta, Mama ta riƙe mata hannu. Tun kafin a fara idon Rifkatu ya cika. Zauren ya yi tsit, har masu rabon shinkafa suka tsaya.

Akwai wani ɗan guntu a farkon bidiyon da na yi niyyar tsallakewa, don ba na mutane ba ne, tsakanina da Baba ne kafin ya fara magana. Saboda haka da na buɗe, sai na ja maus na tsallaka gaba. Wannan jan shi ne ya ƙarasa tsohuwa. Fuskar Baba ta fito a bango, babba, bakinsa a buɗe zai yi magana, ta tsaya a haka. Daga manyan sifikun zauren kuma, ta makirfon da na kwantar a ƙasa, kowa ya ji ƙas, ƙas, ƙas. Sai bangon ya yi baƙi.

Rifkatu ta juyo ta ce, "Yaya?" Kalma ɗaya ke nan, amma har yau ban manta yadda ta faɗe ta ba. Na san ma'anar ƙarar nan. Na san faifai yakan yi ta ya farfaɗo, kuma na san wata rana yakan yi ta ya tafi ke nan. In ya tafi, ba wani Baba a ko'ina.

Na durƙusa na kutsa ƙarƙashin tebur, kai a ciki, sauran jiki a waje yana fuskantar surukai. Zafin da ya buge ni a wurin kamar na leƙa gidan burodi. Na kashe ta daga soket, na ɗora hannu a kan atamfar, har ita ta ɗau zafi. Sai na fara abin da nake yi a gida in ba kowa, wato lallashi.

"Tsohuwa, don Allah. Don girman Allah kada ki yi min haka yau. Na sani, ni ne. Ni na rufe ki. Kunyarki na ji saboda yarinyar Abujan nan, na tuba. Ki tashi ki nuna Baba kawai, gobe in kin ga dama ki mutu."

Na ɗan ji muryata tana dawo min daga nesa, amma hankalina bai kai can ba. Sai da na ji wata irin dariya ta taso daga bayan zauren, irin wadda mutane ke ƙoƙarin dannewa tana fin ƙarfinsu, sannan na juya na ga makirfon a kwance dab da bakina, jar fitilarsa tana kallona. Kwamfutar na kashe. Makirfon na janareton coci ne, yana nan da ransa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ina tunanin ko akwai hanyar fita ta cikin bango ba. Abin da ya katse ni shi ne haske, an yaye yadin teburin gaba ɗaya. Mama ce tsaye. Ta sunkuya ta kwance ribin, ta warware atamfar daga jikin tsohuwa, ta ninke ta a hankali yadda ta ninke waccan rigar. Sannan ta ɗauki makirfon, ta miƙe, ta fuskanci jama'a.

"Jama'a, ku yi haƙuri," in ji ta. "Wani injiniya ya taɓa koya min cewa kwamfuta tana numfashi. Ya ce wanda duk ya lulluɓe ta tana aiki, bai san abin da yake yi ba." Ta ɗan dakata. "Sau biyu ya faɗa min."

Zauren ya fashe. Fasto ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni kuma na fito da rarrafe, gwiwoyin kaftanina sun yi baƙi, na jawo tsohuwa fili na ɗora ta a kan tebur, a gaban surukan da na ɓoye ta dominsu. Sai na tuna sukundireba tana Kakuri. Na duba hagu na duba dama, idona ya faɗa kan wuƙar yanka kek, an ɗaure mata ribin ita ma. Da ita na kwance murfin, mai kek tana tsaye a kaina tana cewa in bi a hankali, aro ta yi.

Na ɗora yatsa a kan faifan na janye. Anti Kande ta rugo da ƙanƙara daga cikin kular lemo ta ce a ɗora masa. Na tare ta da hannu biyu, na ce ruwa zai tsatso ya shiga ciki, iska kawai yake so, a hankali. (Ko a tsakiyar abin kunya, ilimin bai gudu ba. Amfani da shi ne ya gagare ni.) Na zaro fankar caji daga kwalin lemo na danna. Ta juya sau biyu ta tsaya. Tun safe da na tura ta ciki ban kashe ta ba, ta ƙarar da cajinta tana fifita lemo.

A nan ne shugabar matan zumunta ta miƙe. Ba wanda ya roƙe ta. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Mata, ku taso. Iska aka ce ko? Muna da ita." Suka taso da mafitansu na roba suka kewaye teburin, suka shiga yi wa tsohuwa fifita. Da yake ba sa iya yin aiki shiru, wata ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, mai tukunyar kiɗa ta shigo, fifitar ta koma bin kiɗa. In hannun wata ya gaji sai wata ta karɓe ta. Na ɗaga kai na ga Nanret a cikinsu, ta ajiye laftof ɗinta a kujera tana fifita da hannu biyu, tana dariya har da hawaye. Ta ce min, "Yarinyar Abuja tana ba da haƙuri." Na rasa inda zan sa fuskata.

Rifkatu kaɗai ba ta dariya. Tana tsaye inda aka bar ta, idonta a kan akwatin. Duk lokacin da na taɓa faifan sai ta dube ni, ni kuma in ce saura kaɗan. Da na ji ya huce har ina iya barin tafin hannuna a kai, na ce a ci gaba da fifita kada a tsaya, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta da gaske haka ba, na danna.

Tsohuwa ta yi gurnani. Ta yi ƙas sau ɗaya. Sai ta ci gaba da juyawa lami lafiya, allon ya kawo. Waƙar ta tsaya da kanta. Na buɗe bidiyon na janye hannuna daga maus na sa a aljihu. Wannan karon ko za a kashe ni ba zan ja komai ba, ya fara daga inda ya ga dama.

Ya fara daga farko, wurin da na so in ɓoye. Ga Baba a falonmu, ya rame, cikin babbar riga da hula, gumi yana zubo masa. Aka ji muryata daga bayan kyamara ina cewa ya gyara zama. Baba ya harare ni ya ce, "Ka rufe taga wai hayaniya. Ka kashe fanka wai ƙara. Ka sa min babbar riga wai mutane za su gani. So kake in dahu kafin ciwon ya gama da ni?" Muryata ta ce, "Baba, don ya yi kyau ne." Ya ce, "Kai dai in baƙi za su gani, ko tukunya tana tafasa sai ka lulluɓe ta." Ya cire hular, ya tuɓe babbar rigar ya jefar gefe, ya zauna daga shi sai singileti. "Rifkatu ta san ni a haka."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mutane suna nuna bango suna nuna ni. Mama ta zauna a kujera tana dariya tana share ido da bakin mayafi, Rifkatu ma ta fashe da ita cikin kuka. Sai Baba ya gyara murya, zauren ya sake yin tsit, ba abin da kake ji sai fat-fat ɗin mafitai.

"Auta," in ji shi, "in kina kallon wannan, to na riga ku tafiya gida, ke kuma kin sami miji. Ban san shi ba. Amma in ya iya jure surutunki har ya kai yau, mutumin kirki ne." Ya dubi kyamara sosai. "Kai kuma ɗana, ga abu ɗaya. Yarinyar nan in abu ya dame ta ba ta faɗa. Za ka ga ta ɗauko kwanukan da ba su da datti tana wankewa. In ka ga haka, kada ka wuce. Ja kujera ka zauna, ka tambaye ta." Ango ya gyaɗa kai kamar Baba yana ganinsa. Daga nan Baba ya ɗaga hannu ya sa mata albarka, ya kira sunanta cikakke, ya yi addu'a da yarenmu, duk zauren ya ce amin. Rifkatu ta durƙusa a gaban bangon, hannuwanta a buɗe, har ya gama.

Kafin hoton ya ɗauke, Baba ya juya gefe ya ce, "To Injiniya, an gama. Kunna fankar nan." Shugabar zumunta, hannunta bai daina fifita ba, ta amsa masa, "Muna kai, Baba."

Ranar Litinin da safe na cire faifan na naɗe shi a tawul, na haye kogi na kai wa masu gyara, ban ko gabatar da kaina a matsayin injiniya ba. Yanzu bidiyon yana wayar Rifkatu, yana tawa, yana laftof ɗin Nanret (yadda aka yi ya je can, ba ruwanku). Na sa wa tsohuwa sabuwar fanka a gaban faifan, tana nan a falo a kan bencinta. Mama ta fito da rigar atamfar nan daga akwati, kuma mun yi sulhu: in tsohuwa tana kashe ta sa riga, in za a kunna ta a tuɓe. Mama ce da kanta ke tuɓe ta, kuma ba ta taɓa yi ba tare da ta ce, "Bari ta yi numfashi, Injiniya," ba.

Abin da na koya? A game da faifai ban koyi komai ba, duk na riga na sani, har lacca na yi. Abin da ban sani ba shi ne, ƙura da bazara sun yi shekaru suna neman tsohuwa ba su same ta ba, kunyata ta kusa gamawa da ita a yini ɗaya. Yanzu in baƙi za su zo, nakan bar kayanmu yadda suke, da tsatsarsu da robar tayarsu. Kuma kafin in lallashi kowace na'ura, sai na duba ko akwai makirfo a kusa.